Yaran JSS sun haddace ma'anar noun, amma rubuta jimla uku ya gagare su

Duk wanda ke da ɗa ko ƙane ko ƙanwa a ƙaramar sakandare, wato JSS 1 zuwa JSS 3, musamman ta gwamnati, ina roƙonsa ya gwada wani abu a gida. Ka tambayi yaron mene ne noun. Nan take zai zubo maka ma'anar da Turanci ba ko gargada, sunan mutum ne ko dabba ko wuri ko abu, ka tambaye shi verb ya ce maka doing word ne, wani ma har ya jero maka parts of speech guda takwas ɗin nan reras. To daga nan sai ka miƙa masa biro da takarda ka ce ya rubuta maka jimla uku kacal da Turanci a kan abin da ya yi tun daga tashinsa da asuba har ya fita makaranta. A nan ne za ka ga yaro ya yi tsuru-tsuru yana juya biro, in ma ya rubuta sai ka ga kalmomi ne kawai aka jera ba kai ba gindi, ba ka san wa ya yi me ba, ba ka san yaushe aka yi ba. Abin da ya fi ɗaga min hankali kuma, ka ce to shi ke nan bar Turancin rubuta min da Hausa, nan ma sai ka tarar magana ta miƙe tun daga saman takarda har ƙasa ba aya ba waƙafi, an haɗe kalmomin da ake rabawa an raba waɗanda ake haɗewa.

Ni dai ban yarda yaran nan daƙiƙai ba ne, wallahi ban yarda ba. Yaron da zai lissafa maka 'yan wasan Barcelona har da na benci, yarinyar da za ta ba ka labarin fim mai dogon zango tun daga farko ba ta tsallake komai ba, ai ba kwanya ce babu ba. Matsalar tana cikin yadda muke koyar da nahawu da ginin jimla da kalmomi a waɗannan shekaru uku. Labarin harshen muke ba su, harshen kansa kuma ba ma barin su taɓa shi.

Ku duba yadda darasin yake tafiya a yawancin azuzuwanmu. Minti 40 ne ko ƙasa da haka. Malam ya shigo ya rubuta Adverb a saman allo, ya rubuta ma'ana, ya jero ire-irensa, na lokaci da na wuri da na yanayi, ya ba da misali bibbiyu, ya ce a kwafa. Wani lokacin ma littafin zai miƙa wa monita ya rubuta a allo shi ya koma ofis saboda wani ajin na jiransa ko kuma ya gaji. Yara su duƙufa kwafar not har a buga ƙararrawa. A cikin minti 40 ɗin nan babu yaro ɗaya da ya ƙirƙiri jimla tasa ta kansa, da baki ko a rubuce. Mako mai zuwa an wuce Preposition, saboda haka tsarin aikin zangon ya ce, kuma in masu duba makarantu suka zo daga ma'aikata abin da za su nema shi ne lesin not na malami da littafin da ake cike abin da aka koyar, su ga ko an cinye manhaja. Shekara uku ana haka. Ko insha'in ma da ya kamata a ce shi ne wurin da yaro zai motsa hannunsa, haddace shi ake yi, malam ya rubuta Myself ko My Best Friend ko yadda na yi hutuna a allo, aji guda kowa ya kwafe, ranar jarabawa kowa ya canza suna ya juye.

Ka je gareji ka ga yadda ake koya wa yaro kanikanci mana. Ba wanda ke zaunar da shi ya ce haddace ma'anar kafireto. Sifana ake miƙa masa, ya kwance ya ɗaure, ya ɓata a gyara masa, sunayen kayan kuma suna shiga kansa ne yana cikin aikin.

Dalilin da ya sa na matsa a kan JSS shi ne a nan ne dama ta ƙarshe take. Tun da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a JSS, uku a SS, huɗu a jami'a, a 1982 aka ware waɗannan shekaru uku daban, sannan shirin UBE da Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya haɗe su da firamare ya zama shekara tara na ilimin tushe, kyauta kuma dole, a takarda dai. Yara da yawa a wajenmu daga JSS 3 ɗin nan suke tsayawa, mace a yi mata aure, namiji ya shiga kasuwa ko koyon sana'a, to abin da ya fita da shi na karatu da rubutu shi ne guzurinsa har tsufa. Wanda ya wuce SS kuma zai tarar komai da Turanci ne, Bayoloji, Kimistiri, Gwamnati, Tattalin Arziki, kuma WAEC da NECO sai da kiredit a Turanci kafin a yi maganar jami'a, JAMB ma Turanci dole ne ga kowa. Sau da yawa yaron da ake cewa ya faɗi Bayoloji ba Bayolojin ya faɗi ba, tambayar ce bai gane ba, ko ya gane amma ya kasa haɗa jimlar da zai ba da amsa. Daga nan kuma ake faɗawa neman satar amsa.

Kuma wannan magana ba ni na fara ta ba. A Amurka an daɗe ana bincike a kai, a 2007 wasu masana biyu, Steve Graham da Dolores Perin, suka tattara bincike masu yawa da aka yi a kan koyar da rubutu ga yara daga aji huɗu na firamare zuwa ƙarshen sakandare, suka tarar koyar da nahawu shi kaɗai a ware, irin na haddar sassan magana, ba ya gyara rubutun yaro, amma sa yara su riƙa haɗa gajerun jimloli su zama doguwa ɗaya mai ma'ana yana gyarawa. Na san wani zai ce ai waɗancan yawancinsu da Turancin suka tashi a gida, mu kuwa baƙon harshe ne, dole a yi wa yaranmu bayanin ƙa'ida. Gaskiya ne, ni ma ban ce a jefar da ƙa'ida ba, yaron da bai taɓa jin Turanci a gida ba yana buƙatar a fito masa da dokar fili a ce ga yadda ake yi. Abin da nake cewa shi ne bayanin ya ɗauki minti goma, sauran talatin ɗin yaro ya yi aiki da ita.

Misali. Malam ya rubuta a allo, Audu bought a bicycle. Ya tambayi aji, a ina? Wani ya ce a kasuwa, a ƙara. Yaushe? Jiya, a ƙara. Don me? Saboda makarantarsu da nisa, a ƙara da because. Kafin minti biyar jimla mai kalma huɗu ta zama mai goma sha wani abu kuma yaran ne suka gina ta da bakinsu suna kallon inda kowane yanki ya zauna. Sai a ce to a mayar da ita tambaya. A kore ta, a ce bai saya ba. A mayar da ita gobe. A cire Audu a sa Audu da Binta. Sannan kowa ya rubuta tasa a kan wani abu da aka saya a gidansu. A ƙarshe ne malam zai ce wannan yankin da ya gaya mana lokaci, ga sunansa a nahawu. Sunan zai zauna, don ya samu abin da zai zauna a kai.

Sai babban abin da nake ganin muna asararsa, wato Hausar da yaron ya zo da ita. Har yanzu akwai makarantun da ake rubuta sunan masu yin banakula a ci su tara ko a zane su, kuma akwai malaman da ke ganin abin kunya ne su furta kalmar Hausa a darasin Turanci. Alhali yaro ɗan shekara 12 ya riga ya mallaki nahawu cikakke a kansa, mai wuyar gaske ma. Ku duba jam'i kawai: gida gidaje, littafi littattafai, yaro yara, mace mata, ƙasa ƙasashe, jirgi jirage. Baturen da ke koyon Hausa sai ya yi gumi a kan wannan, amma yaronmu ba ya kuskure ko cikin barci. Wanda ya riƙe wannan ne za a ce ƙara s a ƙarshen kalma da 'yan tsirarun da suka fita daban irin su men da children sun fi ƙarfinsa? Ba a dai nuna masa ba ne cewa abin da ake nema ya riga ya san irinsa.

Haka maganar lokuta, wadda ita ce ta fi kayar da yaranmu. A Hausa aikatau ba ya canza siffa saboda lokaci, ɗan abin da ke gabansa ne ke ɗaukar nauyin: na sayar, zan sayar, nakan sayar. A Turanci kuwa aikatau ɗin kansa ne ke juyewa, go ya koma went, buy ya koma bought. Yaron da ya rubuta yesterday I go ba shirme ya yi ba, dokar Hausa ya bi, ya ga ai ya riga ya ce jiya, me kuma ya rage. In malam ya tsaya ya rubuta jimlolin biyu gefe da gefe ya ce ku duba, mu a nan muke sa alamar lokaci, su a can suke sa ta, a minti biyar an warware abin da aka yi shekara ana ja masa jan biro. Ko kalmomin Turancin nan "a" da "the" da ke rikita har manya, ai muna da wani yaro da kuma yaron, wata mota da kuma motar, ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba amma ƙofa ce mai kyau ta shiga. Haka su borrow me your biro da drink medicine da I am coming lokacin da mutum ke fita, duk daga ara min da shan magani da ina zuwa suka taso, kuma malamin da ya san tushen kuskuren shi ne zai iya cire shi, wanda bai sani ba sai dai ya yi ta faɗa.

Abin ma da ban haushi, malamin Hausa yana aji ɗaya yana koyar da suna da aikatau da sifa da bayanau da wakilin suna, shi ma da hadda, malamin Turanci yana zuwa bayansa yana koyar da abu ɗaya da wasu sunaye, yaro bai taɓa sanin cewa aikatau shi ne verb ba. Me zai hana su biyun su zauna a farkon zango su jera darussansu tare? Ba kuɗi ake buƙata ba a nan, firinsifal ne kawai zai ce a yi. Kuma a darasin Hausar ne ya fi sauƙi a koya wa yaro inda jimla take farawa da inda take ƙarewa, da amfanin aya da waƙafi da alamar tambaya, da yadda ake sakin layi, tunda ba ya fama da neman kalma. In ya iya a Hausa, ɗauka zai yi ya kai Turanci.

Mu da muke da tarihin karatun zaure bai kamata a ce sai an zo an koya mana wannan ba. A ƙasar nan aka yi malamai irin su Abdullahi ɗan Fodiyo da suka wallafa manyan littattafai a nahawu da sarfun Larabci, mutanen da ba Larabawa ba. Ta yaya aka kai nan? Almajiri yana zama gaban malam ya karanta Larabci yanki-yanki malam yana fassara masa da Hausa ko Fulatanci, ya yi ta bin ƙananan littattafan fiƙihu a haka har kunnensa da idonsa su saba da harshen, sannan ya shiga Ajuruma, ƙaramin littafin nahawun Larabci, da na gaba da ita, kuma ko a nan ɗin jimla ake ɗauka a feɗe ta kalma-kalma a faɗi matsayin kowace. Ba wanda ya taɓa cin almajiri tara don ya yi Hausa a zaure.

Sai kalmomi. Yadda ake yi yanzu shi ne a rubuta kalma ashirin a allo da ma'anoninsu, su ma ma'anonin da wani Turancin da yaron bai sani ba, a ce a haddace za a yi tes ranar Juma'a. Kuma muna da son manyan kalmomi, muna ganin wanda ya iya Turanci shi ne mai jefo kalmar da sai an buɗe ƙamus, shi ya sa za ka ga yaro ya san wata doguwar kalma ta muhawara amma bai san bambancin bring da take ba. Masu binciken koyon harshe sun daɗe da nuna cewa kalmomi kimanin 2,000 da aka fi amfani da su su ne ke cike wajen kashi 80 cikin 100 na yawancin rubutun Turanci, tun 1953 wani Bature Michael West ya fitar da jerin irin waɗannan kalmomi. Paul Nation na New Zealand da abokan aikinsa kuma sun nuna sai mai karatu ya san kusan kalma 98 cikin kowace 100 a shafi kafin ya karanta shi kaɗai ya fahimta ba tare da taimako ba. To ku auna wannan da littafin Turancin JSS 1 a hannun yaron da ya fito daga firamaren ƙauye, a kowane layi akwai kalma uku ko huɗu da bai taɓa gani ba. Ba karatu yake yi ba, kallon takarda yake. Abin da ya kamata shi ne a tabbatar waɗannan kalmomi na yau da kullum sun zauna daram kafin JSS 3, kuma kalma ba ta zama da gani ɗaya, sai an haɗu da ita sau da yawa a wurare daban-daban, an ji ta, an faɗe ta, an rubuta ta cikin jimla. Hanyar hakan kuwa karatu ne mai sauƙi kuma mai yawa, 'yan ƙananan littattafan labari daidai ƙarfin yaro, ko da na 'yan firamare ne, ba abin kunya ba ne. Ku lura da 'yan matan da suka taso suna karanta littattafan Hausa na marubutan Kano, ko me za a ce game da abin da ke ciki, za ka tarar karatunsu na Hausa da gudu yake kuma rubutunsu ya fi na sa'anninsu tsari, ba wanda ya ba su jerin kalmomi su haddace.

Na san abin da 'yan'uwa malamai za su ce, kuma suna da gaskiya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 zuwa 40, amma a cikin biranenmu akwai azuzuwan da suka haura ɗari, wasu a ƙasa suke zaune, malami ɗaya yana da aji biyar ko shida, wa zai duba rubutun yara ɗari biyar kullum da wannan albashin? Ba wanda zai iya. Amma ba dole ba ne a duba duka. Kowa ya rubuta jimla uku, a yi musaya da na kusa, a kira mutum huɗu su rubuta nasu a allo aji duka ya gyara tare, malam ya karɓi littafi goma yau, gobe wasu goma, kuma in zai duba abu ɗaya zai nema, yau lokaci kawai, gobe babban baƙi da aya kawai, ba ya cika takardar yaro da ja har ya tsani biro ba. Wannan bai fi rubuta not cike da allo wahala ba.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa, cewa wasu malaman su kansu ginin jimlar yana ba su wuya, kuma not ɗin da ake kwafa mafaka ce. Mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2017 lokacin da gwamnatin El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarabawa, sama da 21,000 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta rigima a kan adalcin jarabawar da korar da ta biyo baya, ni ba wannan nake so in tayar ba. Abin da nake gani shi ne waɗannan malamai su ma a irin wannan ajin aka koyar da su, suka je kwalejin ilimi aka ƙara musu wata haddar suka fito da NCE. In za a kira su bita, to a daina tara su a zaure ana karanta musu takarda, a zaunar da su su gina jimla su haɗa jimla su rubuta sakin layi, daidai yadda ake so su je su yi da yara.

Gwamnatin tarayya kuma sai juya akalar harshen koyarwa take yi. Da can manufar ita ce harshen uwa a shekara uku na farkon firamare sannan Turanci, a 2022 zamanin ministan ilimi Adamu Adamu aka ce harshen uwa har aji shida, a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, Turanci zalla. Ni ina ganin kuskure ne, ko don gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970 inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida kuma Turancinsu bai faɗi ba. Amma ko wace manufa aka sa wa hannu a Abuja, malamin JSS 1 zai ci gaba da karɓar yaran da da Hausa suke tunani, kuma ba takardar da za ta hana shi ya rubuta jimlar Hausa da ta Turanci gefe da gefe a allonsa.

Inda jihohi ke da iko kai tsaye shi ne jarabawar BECE ta ƙarshen JSS 3, tunda su ke shirya wa makarantunsu, da kuma masu duba makarantu. Malami abin da za a tambaya a jarabawa yake koyarwa, in mafi yawan maki yana kan zaɓi A B C D to a kan canki-canka za a horar da yara. A ƙara nauyin makin rubutu, a daina maimaita batutuwan da kowa ya san ana haddacewa, a ba yaro hoto ko ɗan gajeren labari a ce ya rubuta jimla biyar a kai. Mai duba makaranta kuma in ya zo, bayan ya gama da lesin not, ya shiga aji ya ɗauki littafin yara biyar da hannunsa daga layin baya, ya nemi shafin da yaron ya rubuta abin da ba daga allo ya kwafa ba, in bai samu ba ya rubuta hakan a rahotonsa.